Land Cruiser mai cin kuros: abin da muka tarar a ƙarƙashinta a Garwa

Motar Toyota Land Cruiser ce a-kori-kura, samfurin HZJ79 da aka fara fitarwa a 1999, mai injin dizal 1HZ, lita 4.2, silinda shida. Ta wani Alhaji ce mai fataucin hatsi a nan Garwa, arewacin Kamaru. Aikinta kwaso masara da gyaɗa daga ƙauyukan Mayo Rey zuwa kasuwar Ngong, wani zubin har cikin gari. Hanyar tata kashi biyu ce. Daga Garwa zuwa mararrabar Guidjiba kwalta ce, kan babban titin Ngaundere. Da an karkata gabas wajen Tcholliré sai jar ƙasa, gaba kuma sai burtali da laka da rafukan da ba gada, waɗanda ake faɗawa a fita.

An kawo ta garejinmu da kaka, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, daidai lokacin da mota irin wannan ba ta da ranar hutu. Koke uku aka zo da su. Idan aka saki kuloci za a tashi sai a ji "ƙwas" a ƙarƙashi, haka ma idan aka ɗaga ƙafa daga totur aka sake takawa. Idan gudu ya kai kilomita 60 zuwa 80 a sa'a sai kujera ta ɗauki rawa har madubi ya daina nuna komai. Sannan akwai wani siririn kuka daga baya mai ƙaruwa da gudu.

Abin da ya fi ci wa Alhaji tuwo a ƙwarya shi ne, cikin damina ɗaya an canja mata kuros ɗin kardan na baya, wato mahaɗin sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, har sau biyu, kowanne bai yi ƙarko ba. A wani gareji kuma an ce masa pon ɗin baya, akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyi, ya mutu, ya nemi na hannu. Har ya sa an kawo masa wani, ga shi kwance a bayan motar cikin buhu. Abin da yake so kawai mu ɗaura ya kama gabansa.

Na ce masa: "Alhaji, a ba ni izini in bincika tukuna. Ƙarfen da ya cinye sau biyu a damina ɗaya, akwai mai cinsa." Ya ce: "Malam, kayana na can ƙauye suna jira. Amma duba, in dai ba za a kwana biyu ba."

Ga wanda bai saba leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba: ƙarfi yana fitowa daga inji, ya bi ta kuloci ya shiga giyabos. A bayan giyabos akwai wani akwati, tiransifa, wanda ƙaramar giya ke sarrafawa. Daga gare shi kardan biyu ke fita, dogo zuwa pon ɗin baya, gajere zuwa na gaba. Kowane kardan yana da kuros a bakinsa biyu, ƙarfe mai hannu huɗu da ƙananan allurai cikin kofuna, shi ke ba kardan damar juyawa a karkace lokacin da mota ke hawa da sauka. A cikin pon akwai piniyo, ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya babban faifan haƙora, daga nan ƙarfi ya rabu zuwa tayoyi. Wurin da za a riƙe shi ne, tiransifan wannan mota ba shi da abin da ke sassautawa tsakanin gaba da baya. In ƙaramar giya tana kan H2, baya kaɗai ke ja. Da an sa H4 ko L4, kardan biyun sun zama ƙarfe ɗaya, tilas su juya daidai wa daida.

Hira da direba

Kafin in ɗauki sifana na ja direban gefe, don yaro ba ya sakin baki a gaban mai biyansa. Saurayi ne mai hankali, ya san hanya, bai daɗe da barin aikin karen mota ba. Na tambaye shi yaushe yake sa giris. Ya ce sai ranar juyen mai. Na tambaye shi zurfin ruwan da yake ratsawa. Ya nuna mini ƙasan ƙofa. Da na duba makullan tayoyin gaba, waɗanda ke haɗa taya da pon ko su sake ta, na tarar dukkansu suna kan LOCK, ya ce tun farkon damina suke nan.

Sai na tambaye shi ƙaramar giya. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Baba, gaskiya giyar nan ta gagare ni. In na fito daga daji na hau kwalta, ko da hannu biyu na ja ba ta komawa. Sai in bar ta haka har Ngong. In na shiga kasuwa na yi ribas a kan ƙasa, sai ta fita salin-alin."

Wannan magana ta fi mini duk abin da zan ji da kunnena a kan hanya. Giyar da ke ƙin fita a kwalta ta kuma fita cikin sauƙi a kan ƙasa ba lalacewa ta yi ba, matse ta aka yi. Na ajiye zancen a raina, muka fita gwaji.

Gwaji a kan hanya

Ƙara a ƙarƙashin mota tana yaudara, domin ƙarfe yana kai sauti nesa da inda ya taso. Shi ya sa ba na yarda da kunne shi kaɗai. Abin yi shi ne a riƙa cire sassa daga aiki ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ƙarar ta bi.

Muka mayar da makullan gaba kan FREE, ƙaramar giya a H2. Da haka kardan ɗin gaba da duk abin da ke cikin pon ɗin gaba sun tsaya cik. Rawar tana nan, kukan yana nan. Ke nan na baya ne. A gudun kilomita 70 na sa direban ya fitar da giya ya bar motar ta gangara, inji ya koma silo. Rawar ba ta ragu ba, wato tana bin gudun tayoyi ne, ba ruwan inji ko kuloci. Kukan kuwa ya canja murya, daga siriri ya koma gurnani. Na sa ya karkata sitiyari dama da hagu a hankali inda ba kowa. Da boris ɗin taya ne, wato zoben ƙarfen da take juyawa a kansa, da gurnanin ya ƙaru idan nauyi ya koma gefensa. Bai canja ba.

Muka koma gareji, muka yi wa kardan ɗin baya alama da fenti, muka kwance shi gaba ɗaya. Muka kulle makullan gaba, muka sa H4, motar ta koma mai ja da gaba kaɗai, muka sake fita sannu a hankali. Rawar ta ɓace ɗungurungum. Gurnanin baya bai tafi ba, alhali yanzu ba wani nauyi a kan haƙoran pon, tayoyi ne kawai ke juya su. Haƙoran da suka ci sun fi yin kuka idan ana jan kaya da su, boris ɗin da ya ci kuwa yana gurnani ko da nauyi ko babu. Tun a nan na fara zaton haƙoran ba su mutu ba.

Wannan gwajin ya tono wani abu da ba a zo da kokensa ba. Da muka murɗe sitiyari ƙarshe za mu juyo, sai "ƙas, ƙas, ƙas" daga tayar gaba ta dama, yana bin juyin taya.

A kan rami

Kuros ɗin baya, na wajen pon, bai buƙaci dogon bincike ba. Jan gari na tsatsa ya fito a bakin kofuna biyu, alamar allurai sun bushe suna niƙa kansu. Da hannu ma yana motsi. Da muka fitar da shi, hannuwansa sun yi layi-layi inda allurai suka nutse cikin ƙarfe. Ruwa da rashin giris suna kawo tsatsa, amma irin wannan nutsewar aikin nauyi ne da ya wuce kima.

Akwai kuma aikin hannu. Kunnuwan kardan, waɗanda ke riƙe kofunan kuros, sun sha guduma, an buga kofuna da ƙarfi har gefe ɗaya ya ɗan buɗe. Sannan kardan yana da wurin da yake zamewa ya ƙara tsawo ya rage, kuma wanda ya raba shi a baya bai mayar da shi kan haƙorinsa ba. Kunnuwan bakin gaba da na bakin baya dole su kasance a layi ɗaya. Kuros guda, idan yana aiki a karkace, ba ya juyawa da gudu ɗaya: yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, na biyun ne ke goge wannan bambanci, in dai suna layi. In an kauce, maimakon gogewa sai su haɗu su girgiza mota. Rabin rawar kujera daga nan take.

Bakin piniyo, inda kardan ke ɗaurewa, yana motsi sama da ƙasa, mai kuma ya jiƙa wurin. Notinsa ya nuna an taɓa ɗaure shi da dogon bututu. Na san dalilin: an ji motsi, an ga noti, an ƙara matsewa. To amma tsakanin boris biyu na piniyo akwai wani zobe da aka yi shi don ya lotsa sau ɗaya, daidai gwargwado. In aka zarce, boris ya matsu ya yi zafi ya cinye, motsin ya dawo fiye da da.

Man da muka juye daga pon ɗin ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya gauraye da shi. Maganaɗisun da ke jikin murfin juyewa ya tara laushin ƙarfe da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, amma ba gutsuren haƙori ko ɗaya. Bututun numfashin pon ya toshe da busasshiyar laka. Pon yana zafi a tafiya. In ya faɗa ruwan sanyi iskar cikinsa ta tsuke, kuma in ba ta samu ta numfashi ba sai ta zuƙo ruwa ta bakin sil, robar da ke tare mai.

Da muka buɗe, boris biyun piniyo sun yi tabo-tabo sun canja launi. Haƙoran faifai da na piniyo kuwa sumul, ba tsagewa, ba rami.

Sai tayoyi. Na gaba 235/85R16 ne, na baya 265/70R16, Alhaji ya saye su na hannu saboda ya ga sun fi faɗi, yana ganin za su fi ɗaukar kaya. A ido kusan tsayinsu ɗaya. A lissafi na gaba milimita 806 ne daga ƙasa zuwa sama, na baya 777. Bambancin milimita 29 ke nan, wanda a kowane zagayen taya ya kai kusan santimita 9. Ban tsaya yi wa Alhaji lissafi da baki ba. Muka sa alli a tayar gaba da ta baya da ƙasa, yara suka tura motar, muka ƙirga zagaye goma na kowacce muka auna. Ta gaba ta wuce ta baya da kusan mita guda.

A kilomita ɗaya abin ya kai wajen mita 36. A H4 gaba yana son ya yi nisan da baya ba zai iya ba, ga su kuma a ɗaure da ƙarfe ɗaya, kamar shanun huɗa biyu a karkiya guda, ɗaya ya fi ɗaya tsawon taku. A laka ko yashi taya tana ɗan zamewa, matsin ya fita ba wanda ya sani. A kwalta, da buhuna a baya sun danne tayoyi, ba zamewa sai da ƙyar. Matsin sai ya taru a kardan, a kuros, a piniyo, a tiransifa, har sai wata taya ta kurɓe da ƙarfi, sannan ya sake taruwa. Shi ne ya danne ƙaramar giya ta ƙi fita. Ƙin fitarta ya sa ake tafiya da ita a kwalta, tafiyar kwaltar kuma ita ke cin kuros. Ko da tayoyi iri ɗaya ne, H4 a kwalta yana matse mota a kowace kwana, domin tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa idan ana juyawa. Da tayoyi mabambanta kuwa, ko a miƙaƙƙiyar hanya ba hutu.

Da Alhaji ya gane, sai ya juya kan direban da faɗa, har da zancen karɓe makulli. Na ce: "Alhaji, a yi haƙuri. Yaron nan shi ya faɗa mini gaskiyar da ta kai mu ga ciwon. Tayoyin ba shi ya saya ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa aikin giyar nan." Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ana miƙa wa yaro motar miliyoyin sefa, a koya masa hanya da lodi da yadda zai yi da shingayen kan titi, amma ba a ɗaukar rabin sa'a a nuna masa abin da ƙaramar giya take yi. In ta lalace kuma shi ne mai laifi.

Pon ɗin cikin buhu

Duk da haka Alhaji ya so a ɗaura na buhun, tunda ya riga ya ba da kafin alƙalami. Muka fito da shi muka wanke muka ƙirga haƙora. Na motar, faifai 43 ne, piniyo 10, wato kardan ya juya sau 4.3 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma haka na gaba yake. Na buhun 41 ne da 10, wato 4.1. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ba na wannan motar ba ne. Da an ɗaura shi, a H2 ba wanda zai ji komai, Alhaji ya tafi yana sa albarka. Ranar da aka sa H4 kuwa gaba da baya sun saɓa da kusan kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan saɓanin ba a gyara shi da sayen taya. Aka mayar wa mai shi.

Gyara

Pon ɗin baya ya fi cin lokaci. Muka sa sababbin boris na piniyo da na gefe, sabon zoben lotsawa, sabon sil, sabon noti. Ana ɗaure notin kaɗan-kaɗan ne, ana tsayawa ana auna ƙarfin da piniyo ke buƙata kafin ya juya, har a kai abin da littafin motar ya tanada. In an zarce ba a sassautawa, sai dai a sake sabon zobe. Tazarar da ke tsakanin haƙoran faifai da na piniyo muka daidaita da agogon awo, tsakanin milimita 0.15 da 0.20. Sannan muka shafa fenti a wasu haƙora muka juya, muka ga sawun ya zauna a tsakiya, bai hau baki ba bai gangara gindi ba. Wanda ya tsallake wannan awon, pon zai yi masa kuka ko da komai sabo ne. Muka wanke cikin kwanson da kyau, muka zuba man giya GL-5, muka buɗe numfashin muka ƙara masa tiyo muka ɗaure shi can sama a jikin shasi. Haka muka yi wa na gaba.

Kardan ɗin da ya sha guduma ban yarda da kunnensa ba, sabon kuros ba zai zauna daidai a ciki ba. Muka samo wani na hannu mai lafiya, muka matsa masa sababbin kuros da bais, ba guduma, muka tabbatar kunnuwa suna layi. A wajen sayen kuros na nace a kan mai kyau. Kasuwa cike take da masu kama da na asali har kwali, ƙarfensu kuwa laushi, kuma arharsu ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a daji da kaya ba. Ana bugun giris har sai sabo ya fito ta kofuna huɗun duka. Wurin zamewa kuwa kaɗan ake sa masa, in aka cika shi dam ba zai iya tsukewa ba, sai ya riƙa dukan boris ɗin tiransifa.

A gaba, ƙwallon da taya ke juyawa a kansa ta dama ya jiƙe da baƙin ruwan giris. Sil ɗin ciki ya mutu, man pon ya ratso ya narkar da giris ɗin da ke kare mahaɗin da ake kira Birfield, wanda ke kai ƙarfi ga taya ko tana murɗe. Ƙwallayen cikinsa sun haƙa rami a mazauninsu, shi ne "ƙas, ƙas" ɗin. Muka canja na dama. Na hagu muka wanke muka duba, yana da sauran rai, muka mayar. Muka sa sababbin sil da boris na sama da ƙasa a gefe biyun, muka mayar da siraran faranti kowanne inda muka same shi, don su ke daidaita matsin boris ɗin. Birfield baƙin giris mai moli yake so, boris ɗin taya kuma nasa daban. Notin taya na milimita 54 ne, da soket ɗinsa ake ɗaure shi, amma na wannan motar duk sun sha kurfi da guduma, sai da muka canja. A nan ne kuma muka tarar biyu daga cikin kusoshi huɗu da ke riƙe hannun sitiyari sun yi sako-sako. Duk cikin abin da muka gani a motar nan, wannan ne kaɗai zai iya kashe mutane, kuma ba shi da ƙara.

Tayoyin baya aka sauke, aka sa 235/85R16 irin na gaba.

Kafin su tafi na zauna da direban a cikin motar. Kafin ya hau kwalta, tun yana kan ƙasa, ya mayar da ƙaramar giya H2. In ta yi tauri kada ya yi kokawa da ita, ya miƙe sitiyari ya yi baya 'yan mitoci, za ta saki. Ya sauka ya mayar da makullan gaba FREE in tafiyar kwalta mai nisa ce. Duk ranar da ya ratsa ruwa mai zurfi, ya bugi giris a kuros da ya isa, ya kuma sassauta murfin pon ya ga launin mai. Alhaji ya saya masa famfon giris nasa na kansa, ya ajiye a bayan kujera.

Abin da ya rage

Rawar ta tafi, kukan ya tafi, ƙaramar giya tana shiga tana fita da yatsa biyu. "Ƙwas" ɗin ya ragu sosai amma bai ƙare ba. Da aka riƙe kardan aka gwada, sauran motsin yana cikin tiransifa, inda sandar giyabos ke shiga haƙorinsa.  Gyaransa sai an sauke giyabos da tiransifa, kuma kayan sai an yi odarsu daga Duwala. Na gaya wa Alhaji gaskiya: zai iya fitar da kakar bana in ba a fizgar kuloci kuma ba a wuce kima a lodi, amma ba zai kai wata damina ba, kuma ranar da haƙoran suka gama cinyewa motar za ta tsaya ne inda take, inji yana kuka taya ba ta juyawa.

Da ta dawo juyen mai muka sake dubawa. Man pon biyun garau yake, kuros ba motsi, bakin piniyo a bushe. Motsin tiransifa yana nan yadda muka auna shi, bai ƙaru ba. Mun yi da Alhaji za a sauke shi a watan Maris, idan jigilar masara ta lafa, kuma ya riga ya ba da kuɗin odar kayan.